Babi na Shida: Wa Ya Ga Gudun Tsaga?

Wata safiya cikin hunturu, ina ɗan shekara tara ko goma a Dumega, aka ce in kai wa kawuna shayi a zaure. Kofin na gilashi ne, irin ƙananan nan masu kaurin gindi da ake sayowa a kasuwa, kuma a tsakar gida ya kwana cikin sanyi. Aka tsiyaya shayi yana tururi. Ban ko miƙa hannu ba sai na ji ƙas! Kofi ya rabu biyu, shayi ya bi faranti. Inna ta juyo ta ce, "Kai ka hwasa shi." Na ce wallahi ban taɓa shi ba. Ta ce, "To, Doguwa ta hwasa shi ke nan?" Mu uku ne a wurin, kowa idonsa biyu. Duk mun ga kofi lafiyayye, duk mun ga kofi fasasshe, amma abin da ya gudana a tsakani babu mai shaidarsa. Na sha dundu biyu, shari'a ta ƙare.

An daɗe kafin in gane cewa ko mutanen garin duka aka tara suka zuba wa kofin nan ido, ba wanda zai ga komai. Idan tsaga ta samu sarari a jikin gilashi irin na taga da kwalba, gudunta yakan kai mita 1,500 a sakan guda. Daga Dogon Dutsi zuwa Yamai kusan kilomita 270 ne. Da za a shimfiɗa gilashi ɗaya daga nan har can, cikin minti 3 tsaga za ta ratsa shi, ɗan kamasho bai gama kiran fasinja ba. Kofin shayi kuwa tsayinsa bai wuce santimita 7 ba. Ko kashi ɗaya cikin goma na wancan gudun tsagar kofina ta yi, ta gama aikinta kafin ƙarar ta iso kunnena, domin sauti mita 340 kacal yake ci a sakan cikin iska. Tsohon labari ƙarar ta kawo mini.

Hausa tana da kalma ɗaya da ta tattara irin waɗannan abubuwa: gautsi. Ƙwai, tulu, kwalba, dutse, bulon siminti, duk masu gautsi ne. Tukunyar ƙarfe in ta faɗi lotsawa take yi, ta ba ka notis, ka kai wa maƙeri ya buga ta miƙe. Abu mai gautsi ba ya lotsawa, ba ya gargaɗi. Shi ya sa tun kaka da kakanni muka koma ga kunne. Ka dubi mace mai sayen tulu ranar kasuwa a Tibiri ko Kore Mai Ruwa: ba za ta biya ba sai ta ɗaga shi ta ƙwanƙwasa da bayan yatsa. In ya yi amo garau ta ɗauka, in ya yi muryar mai mura ta ajiye, ko da ido bai ga tsaga ba. Wannan awo ne na gaske. Sai dai yana faɗa mata akwai tsaga ne kawai. Ba ya faɗin yaushe za ta tashi, ko da wane gudu, ko a ina za ta tsaya.

Wanda ya fara sa wa wannan magana lissafi wani injiniya ne na Ingila, Alan Griffith, a wata maƙala da aka buga a 1921. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne, in aka bi ƙarfin da ke riƙe da ƙwayoyin gilashi, ya kamata gilashi ya ninka ƙarfin da muke gani a zahiri sau da yawa. Ya ja gilashi ya zama sirara kamar gashi, ya tarar duk lokacin da zaren ya ƙara sirancewa sai ƙarfinsa ya ƙaru. Ya kuma yi wa ƙwallayen gilashi tsaga da gangan, ya auna tsawonta, ya hura musu matsi har suka fashe. Sakamakon bai da wuyar riƙewa: in tsawon tsaga ya ninka sau huɗu, nauyin da abu zai iya ɗauka ya ragu da rabi. Ashe kowane gilashi yana ɗauke da ƙananan raunuka da ido ba ya gani, kuma a bakin mafi girmansu nauyi ke taruwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Griffith ya nuna cewa ƙadangaren ba ya buƙatar tsagar da ta kai kaurin gashi.

Masu sana'a sun san haka a hannunsu ba tare da sun ji sunansa ba. Mai yankan gilashi ba yanka shi yake yi ba, karce yake ja da bakin lu'ulu'u ko ɗan faifan ƙarfe, ya danna, tsaga ta bi layin da ya shata mata. Mai gyaran ƙwarya kan huda rami da zazzafar basilla kafin ya ɗinke, makanike kuma kan huda ɗan rami daidai inda tsaga ta tsaya a jikin ƙarfe, domin bakin da ya zama da'ira ba ya tara nauyi kamar bakin da ke da tsini. Shi kuwa kofina, da yashi da toka ake wanke shi kullum, jikinsa duk karce ne. Da shayi ya shiga, cikinsa ya ɗau zafi ya buɗe, bayansa yana nan da sanyin dare, sai ɗaya ya ja ɗaya. Kaurin nan da ake yabo shi ne ya cuce shi, domin siririn gilashi yakan ɗau zafi ciki da waje kusan lokaci guda. Da na san wannan bayani a lokacin, watakila da dundun ya zama huɗu.

Ba don kofin shayi gwamnatoci suka zuba kuɗi a wannan bincike ba. Ranar 16 ga Janairun 1943, wani sabon jirgin ruwan dakon mai, Schenectady, yana ɗaure a tashar Portland ta jihar Oregon a Amurka, babu hadari babu igiyar ruwa, sai ya dare biyu. Jiragen Liberty da Amurka ta ƙera da walda a yaƙin duniya na biyu ma da dama sun tsage, wasu sun rabu biyu a teku mai sanyi. Constance Tipper ta jami'ar Kambirij ta nuna cewa irin ƙarfen da aka yi amfani da shi yakan koma mai gautsi in sanyi ya kai wani mataki. Walda kuma ta mayar da jirgi duka falle ɗaya, tsaga ba ta da inda za ta ci karo da iyaka. Tambaya ta zama ta rai da mutuwa: in tsaga ta tashi, me zai tsayar da ita? Ba kuwa za a amsa ba sai an gan ta tana gudu.

A nan gizo ke saƙa. Kyamarar wayar da ke aljihunka yawanci hoto 30 take ɗauka a sakan. Tsakanin hoto da hoto tsaga ta yi mita 50. Babu injin da zai ja fim da saurin da ake buƙata fim ɗin bai yage ba. Jamusawa biyu masu nazarin tafiyar harsashi a Barlin, Carl Cranz da ɗalibinsa Hubert Schardin, suka zagaye matsalar a 1929. Suka bar fim a tsaye, suka sa haske ya yi gudun. A ɗaki mai duhu suka jera wuraren tartsatsin lantarki, har 24 a irin na'urar da ta yi fice, kowanne ya walƙa bayan ɗan'uwansa da tazarar da ba ta wuce ƴan kashi cikin miliyan na sakan ba, kowane tartsatsi kuma da nasa idon kyamara da nasa gurbi a kan faifan hoto. Wanda ya taɓa tsayawa a gona da daren damina, walƙiya na haska masa saniya a nan, ta sake haska ta a can, ya riga ya fahimci dabarar. Da wannan na'ura Schardin da abokin aikinsa Struth suka auna gudun tsaga a gilashi a ƙarshen shekarun 1930, suka samu adadin nan na kusan mita 1,500.

Gani ya kori ji, amma ganin ma bai wadatar ba. Hoton tsaga yana nuna inda take da lokacin da ta kai wurin. Ba ya nuna ƙarfin da ke tura ta, alhali shi injiniya ke nema. Nauyi ba shi da launi. Ko kuwa yana da shi?

Tun a 1816 David Brewster, ɗan Sikotland, ya lura cewa gilashin da aka matse yana sauya yadda haske ke ratsa shi. Haske kaɗawa yake yi yana tafiya, wani a tsaye, wani a kwance, wani a karkace. Akwai wata irin leda da ke aiki kamar asabari: wanda kaɗawarsa ta dace da tsagin asabarin ne kaɗai ke wucewa. In aka sa irin wannan mataci biyu a gicciye, duhu ake gani. Amma in aka saka gilashi ko roba garai-garai a tsakaninsu aka danne ta, hasken da ya shige ta yakan rabu gida biyu, ɗaya ya riga ɗaya fita, kuma ratar da ke tsakaninsu daidai take da yawan nauyin da ke wurin. Abin da ido ke gani shi ne layuka masu launin bakan gizo, inda suka cunkushe nan nauyi ya taru. A 1958 Wells da Post suka haɗa wannan da kyamarar tartsatsi, suka ɗauki hoton layukan suna tafiya tare da bakin tsaga kamar fukafukan malam-buɗe-littafi. George Irwin, wanda shekara ɗaya kafin nan ya fito da ma'aunin da ake kira K, wato adadi ɗaya da ke faɗin tsananin nauyi a bakin tsaga, ya nuna yadda za a ciro K daga girma da karkatar fukafukan.

Dabarar da ta fi burge ni kuwa ta fi wannan sauƙi, kuma duk ɗan fada ya taɓa ganin asalinta. In rana ta faɗo a karkace cikin kofin da ke da shayi ko madara, wani lanƙwasasshen layin haske mai kaifi yakan fito a saman abin shan, inda bangon kofi ya tattara hasken wuri ɗaya. A 1964, a Freiburg ta Jamus, Peter Manogg ya lura cewa in aka ja falle mai tsaga, wurin da ke kewaye da bakin tsagar yakan ɗan sirance, ya zama kamar gilashin tabarau mai watsa haske. In aka haska fallen aka tara farin allo a bayansa, sai a ga baƙin tabo zagayayye, gefensa da zoben haske mai ƙyalli. Matsalar launukan bakan gizo ita ce, daidai bakin tsaga, inda aka fi son karantawa, layukan kan cakuɗe su ƙi ƙirguwa. Tabon inuwa kuwa abu ɗaya ake aunawa, faɗinsa, ko da rula. In faɗin ya ninka biyu, K ya ninka fiye da sau biyar da rabi. Na sha tunanin cewa ba a cika samun ciniki mai arha irin wannan a kimiyya ba: wurin da hasken ya ƙi zuwa shi ya zama ma'auni.

Da wannan tabo Jörg Kalthoff ya yi aiki a shekarun 1970, yana kallon tsagar da ta ruga ta tsaya a fallen roba mai suna Araldite. Ya tarar tsayawarta ba ƙarshen magana ba ne: tabon yakan ci gaba da girma da raguwa, domin girgizar da tsagar ta saki tana zuwa gefen fallen tana dawowa. Duk wanda ya auna nauyi bayan komai ya lafa ya ce shi ne nauyin da ya tsayar da tsaga, yana iya yin kuskure. Masu gina tukunyar tashar nukiliya da masu shimfiɗa bututun gas sun saurara, domin a bututun gas tsaga mai gautsi tana iya riga gas ɗin gudu, kullum ta tarar da cikakken matsi a gabanta, ta bi bututu tsawon kilomitoci. Bututun ɗanyen mai, irin wanda ya taso daga Agadem ya ratsa jihar Dosso zuwa gaɓar tekun Benin, bai kai na gas wannan hatsari ba, saboda matsin ruwa-ruwa yakan zube da wuri.

Babban abin da haske ya tona shi ne kuskuren masu lissafi. A takarda, iyakar gudun tsaga ita ce gudun girgizar da ke bin saman abu, wadda Lord Rayleigh ya bayyana a 1885. A gilashi ta ɗan haura mita 3,000 a sakan. Tsaga kuwa a wajen rabin haka take tokarewa. A 1984, a cibiyar Caltech ta Kalifoniya, Ravi-Chandar da Knauss suka bi tsaga a robar Homalite da tabon inuwa, suka ga abin mamaki: ana ƙara mata ƙarfi, tabo na girma, amma gudunta bai ƙaru ba. Ina rarar ƙarfin ke zuwa? Sai suka duba fuskar ɓarin. Ashe tsagar ba layi ɗaya ba ce. Ƙananan tsagogi ne ke ɓullowa a gabanta da gefenta, suna cinye ƙarfin, har a kai inda za ta rabu reshe biyu. Kamar ruwan kwari ne bayan mamakon sama a Dallol Mawri: in ya yi yawa ba ƙara sauri kawai yake yi a hanyarsa ba, sababbin hanyoyi yake yankawa. A 1991 Jay Fineberg da abokansa a Austin ta jihar Texas suka tabbatar da haka ta wata hanya, ta lantarki, suka nuna cewa a robar Plexiglas ruɗanin yana farawa ne da zarar gudu ya ɗan wuce sulusin iyakar Rayleigh.

Wannan tarihi a rubuce yake a jikin kowace fasasshiyar kwalba. Inda tsaga ta fara, tana tafiya a hankali, fuskar sumul take kamar madubi. Gaba kaɗan ta yi hazo-hazo. Gaba kuma ta yi kaushi da zane-zane masu nuna baya, zuwa inda abin ya samo asali. Akwai kuma wasu siraran layuka masu lanƙwasa kamar haƙarƙari, waɗanda Helmut Wallner ya bayyana a 1939, da ake iya lissafa gudun tsaga daga gare su. Da su masu binciken laifi ke gane ta wane gefe aka bugi taga.

Iyakar Rayleigh ɗin ma ba ta tsira ba. A 1999 Ares Rosakis da ɗalibansa a Caltech suka manna fallen Homalite biyu da gam mai rauni, suka harbi gefen ɗaya, yadda fallayen za su zame wa juna maimakon su buɗe. Kyamararsu tana iya ɗaukar hoto miliyan 2 a sakan. A cikin layukan haske sai ga siffar kan kibiya tana bin bakin tsaga, irin wadda jirgin yaƙi ke ja in ya riga sauti gudu. Tsaga mai zamiya ta wuce iyakar. A ranar 17 ga Agustan 1999 ɗin nan, girgizar ƙasa ta afka wa Izmit a Turkiyya, ta kashe mutum fiye da 17,000, kuma da masana suka nazarci bayanan na'urorinsu suka ga alamar cewa wani sashe na tsagar ƙasar irin wannan gudu ya yi. Girgizar ƙasa, in an bi ta a tsanake, tsaga ce a dutse mai gautsi.

Duk waɗannan dabaru sun fi sauƙi a kan abin da haske ke ratsawa. Yumɓu fa, da siminti, da jan dutsen nan namu? A farkon shekarun 1980, a jami'ar Karolina ta Kudu, Peters da Ranson da Sutton suka fito da hanyar da ni nake kira zanen zabuwa. Ana shafa wa abu farin fenti, a yayyafa masa baƙin ɗigo barkatai, a ɗauki hotonsa kafin a ɗora nauyi da bayan an ɗora. Kwamfuta ta nemo kowane ɗan gungun ɗigo a hoto na biyu, ta faɗi nisan da ya gusa, ko da bai kai ɗigon hoto ɗaya ba. Don bin tsaga mai gudu dole sai kyamara mai tsadar gaske. Amma yawancin tsagar da ke damun mu ba mai gudu ba ce: ta bangon aji ce da ke ƙara buɗewa kowace damina, ta rumbun ƙasa, ta zoben siminti a rijiya, ta kwalbati a hanya. Waɗannan kyamara mai kyau da ƙafar ɗora ta da haƙuri sun isa. A ganina ba abin da zai hana ɗalibin kimiyya a Dosso ko a jami'ar Yamai ya auna yadda bulon ƙasa mai haki ke riƙe tsaga fiye da wanda babu haki. Mutumin da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa a 1929, da madubai da hasken rana ya yi aikin rayuwarsa a ƙasar nan.

Kafin ka shiga babi na gaba, ka gwada wannan da kanka. Allon kwamfutar hannu da na wayoyi da yawa tataccen haske suke fitarwa. Ka buɗe farin shafi, ka nemi baƙin tabarau irin mai tace haske. Za ka gane shi in ka juya shi a gaban allon ya yi duhu. In babu, mai gyaran waya zai iya ɓare maka ledar da ke saman mataccen allo, aikinsu ɗaya. Ka sa rular roba garai-garai ta ƴan lakkol, ko gangar jikin biro Bic, tsakanin allon da tabarau. Launukan da za ka gani nauyi ne da ya daskare a cikin robar tun ranar da aka zuba ta a masana'anta. Ka dubi kewayen ramin rular, sannan ka ɗan lanƙwasa ta a hankali ka ga yadda layukan ke tafiya. In kuma ka tsinci gindin fasasshiyar kwalba kana son nemo madubin da tsagarta ta fara, ka riƙe shi da tsumma, kuma kada ka bar shi inda yara ke wasa.